ABINCIN DABBOBI DA KIFI: DARASI DAGA SAMARU KATAF DA KEWAYENTA

GABATARWA

Kowane makiyayi ya san cewa lafiyar dabba daga bakinta take farawa. Saniyar da ta ƙoshi ita ce take ba da nono, kazar da ta ƙoshi ita ce take saka ƙwai, haka kuma kifin da ya ƙoshi shi ne yake yin nauyi a kan sikeli. Masana sun ƙiyasta cewa a kiwon kaji da na kifi, cikin kowace naira goma da mai kiwo zai kashe, naira shida zuwa bakwai wajen abinci suke tafiya. Saboda haka duk wanda ya shawo kan matsalar abinci, to, ya shawo kan mafi yawan matsalar kiwo.

An shirya wannan darasi ne domin manoma, da makiyaya, da masu tafkunan kifi, da malaman gona, da ɗaliban makarantun aikin gona. Manufarsa ita ce ya nuna cewa abincin dabbobi mai ɗorewa shi ne wanda aka samo daga abin da ƙasar wurin take bayarwa, musamman abin da ɗan Adam ba ya ci. An ɗauki misalai daga Samaru Kataf da ƙasashen da ke kewaye da ita a kudancin Jihar Kaduna, domin a wannan yanki ne aka gudanar da wani bincike wanda har yanzu ake amfani da sakamakonsa a Afirka ta Yamma.

1. ƘASAR DA AKE MAGANA A KANTA

Samaru Kataf gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, wadda hedkwatarta take Zonkwa. Kada a rikita shi da Samarun Zariya inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take. An daɗe da sanin Samaru Kataf da makarantar koyon aikin gona, wadda daga baya aka haɗa ta da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. A nan ne kuma hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar ta kafa ofishin shiyyarta na kudu.

Damina a wannan yanki tana da tsawo, takan kama daga watan Afrilu zuwa Oktoba. Ana noma masara, da dawa, da acca, da shinkafa, da doya, da rogo, da citta, da gyaɗa, da waken soya. Mutanen ƙasar, irin su Atyap da Bajju, manoma ne masu kiwon awaki da kaji da aladu a gida. Kasuwar aladu ta Katsit da ke gefen Kafanchan tana cikin mafi girma a Nijeriya, fatake sukan zo mata har daga kudancin ƙasar. Akwai kuma Fulani da suka daɗe da zama a cikinsu da garkunan fararen shanu, watau Bunaji. A yamma akwai makiyayar Kachia, wadda aka fi sani da Ladduga. A 'yan shekarun nan kuma kiwon tarwaɗa a tafkunan siminti da na roba ya shigo garuruwa.

Wanda ya ratsa wannan ƙasa a watan Agusta zai rantse babu dabbar da za ta taɓa kwana da yunwa a cikinta, saboda ciyawa ta fi tsayin mutum. Amma fa idan ya komo a watan Fabrairu zai tarar da shanu sun rame, ana ƙirga haƙarƙarinsu. Dalilin haka shi ne darasi na farko.

2. ABIN DA DABBA TAKE BUKATA

Abincin kowace dabba dole ya ƙunshi abubuwa huɗu, ban da ruwan sha mai tsabta:

(a) Abin ba da ƙarfi, kamar masara, dawa, rogo, dusa da ciyawa.
(b) Abin gina jiki, wanda masana suke kira furotin. Ana samunsa a waken soya, ƙuliƙuli, angurya, harawa da garin kifi.
(c) Ma'adinai, kamar gishiri, kanwa, garin ƙashi da ɓawon kawa.
(d) Bitamin, wanda ake samu a ɗanyen ganye ko a garin da ake sayarwa a kantunan magungunan dabbobi.

Dabbobi kuwa sun kasu kashi biyu. Shanu da tumaki da awaki suna tuƙa, suna da tumbi mai cike da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Waɗannan halittu su ne suke narkar da ciyawa da kara, su mayar da su abinci. Kaji da aladu da kifi ba su da irin wannan tumbi, don haka ba za su rayu a kan kara ba, sai an ba su ƙwayar hatsi da furotin mai kyau.

Ƙananan halittun tumbi su ma suna da tasu bukatar. Idan furotin da ke cikin abinci ya gaza kimanin kashi 7 cikin 100, aikinsu yakan yi rauni. Ciyawar daji tana da isasshen furotin sa'ad da take sabon tsiro, amma da ta yi kai ta bushe sai ya sauka, har yakan kai kashi 3 cikin 100 ko ƙasa da haka. A lokacin nan saniya takan cika cikinta da ciyawa, amma jikinta bai sami kome ba. Watau yunwar rani a kudancin Kaduna yawancinta yunwar furotin ce.

3. RUMBUN CIYAWA: BINCIKEN ABET DA KURMIN BIRI

A shekarar 1974 aka kafa Cibiyar Binciken Dabbobi ta Afirka, wadda ake kira ILCA, a birnin Addis Ababa na ƙasar Habasha. A ƙarshen shekarun 1970 ta buɗe reshe a Kaduna, ta shiga aiki tare da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, watau NAPRI, da kuma sashen Gwamnatin Tarayya mai kula da ayyukan bunƙasa kiwo. Wuraren da aka zaɓa domin gwaji sun haɗa da Abet a ƙasar Zangon Kataf, da Kurmin Biri a gefen makiyayar Kachia, da Ganawuri a Jihar Filato.

Masu binciken ba su fara da ba da shawara ba. Sai da suka zauna da makiyaya suna auna shanu, suna rubuta haihuwa da mutuwa da yawan nonon da ake tatsa. Suka gano cewa karsana takan kai kimanin shekara biyar kafin ta yi haihuwar fari, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa akan ɗauki kusan shekara biyu. Babban dalili shi ne ramar da shanu suke yi kowane rani. An gwada ba su tunkuzar angurya, ta kuwa yi amfani, amma tana da tsada, ba ta kuma isa kowa.

Daga nan aka juya ga wani tsiro mai suna sitailo, ɗan asalin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Dangin wake da gyaɗa ne, ganyensa yana riƙe furotin ko bayan ya bushe. Masanin tsirrai Dokta M. A. Mohamed-Saleem da abokan aikinsa suka tsara wata dabara wadda za a iya kira rumbun ciyawa, suka fara gwada ta a rugage daga 1980. Ga yadda take:

(i) A killace fili mai kimanin hekta 4, watau eka goma, kusa da ruga.
(ii) A farkon damina a riƙa kwantar da garke a cikin filin da dare, ana matsar da shi daga wannan gefe zuwa wancan. Kofaton shanu yana farfasa ƙasa, kashinsu ya zama taki. Ba a bukatar garma ko tarakta.
(iii) A jiƙa irin sitailo a ruwan zafi domin ɓawonsa ya yi laushi, a yafa kimanin kilo 10 a kowace hekta, tare da takin sufa.
(iv) Idan ciyawar daji ta taso za ta danne shi, a saki shanu su cinye ta na ɗan lokaci, sa'an nan a rufe ƙofa har damina ta wuce.
(v) A share hanyar tare gobara a kewaye da shingen.
(vi) Da rani a riƙa shigar da shanun tatsa da masu tsohon ciki, guda 15 zuwa 20, na awa biyu zuwa uku kowace rana.
(vii) Kada a bari a cinye shi ƙarƙaf. A bar saura domin iri ya zuba, ya sake tsirowa da kansa.

Sakamakon ya nuna cewa garkunan da suke da rumbun ciyawa sun rage asarar shanu da maruƙa da rani, shanunsu kuma sun fi saurin ɗaukar ciki. Aka sami wani amfani na biyu wanda ya shafi manomi. Saiwar sitailo tana da ƙananan ƙulle-ƙulle masu jawo sinadarin naitorojin daga iska zuwa cikin ƙasa, shi ne sinadarin da manomi yake saye a buhun yuriya. Masarar da aka shuka a filin da sitailo ya yi shekara biyu ko uku ta fi wadda aka shuka a saura yabanya, ta kuma bukaci takin zamani kaɗan. Ganin haka sai Gwamnatin Tarayya, da rancen Bankin Duniya, ta sa dabarar cikin shirinta na bunƙasa kiwo, aka riƙa ba makiyaya bashin waya da iri. Dabarar ta bazu zuwa wasu jihohi da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma.

4. ABIN DA MAKIYAYA SUKA KOYA WA MASU BINCIKE

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Da dabarar ta bar hannun masana ta shiga hannun jama'a, abubuwa huɗu suka bayyana.

Na farko, ciwo. Irin sitailon da aka fara kawowa ya kamu da wata cuta mai sa baƙin tabo a ganye da kara har tsiron ya bushe. Dole aka koma ga wani iri mai suna Verano, wanda ya fi jure mata. Darasin shi ne kada a dogara ga iri ɗaya tak.

Na biyu, tsadar shinge. Wayar ƙaya da turakun ƙarfe su ne suka cinye mafi yawan kuɗin, kuma da darajar naira ta faɗi bayan 1986 sai suka fi ƙarfin ƙaramin makiyayi. Wanda zai yi rumbun ciyawa a yau yana iya rage kuɗin da shinge mai rai, na aduruku ko bini-da-zugu.

Na uku, hankalin makiyayi. Masana sun ce a ware shanun tatsa kaɗai. Makiyaya da yawa kuwa suka riƙa shigar da duk dabbar da ta raunana, wani lokaci ma garken gaba ɗaya. Da aka bincika sai aka ga suna da hujja. A wurin makiyayi, ceton ran saniya ɗaya a ƙarshen rani ya fi ƙarin kwaryar nono daraja, domin saniyar da ta rayu za ta haihu baɗi. Masana suka gyara lissafinsu.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, mallakar ƙasa. A Abet filayen na manoma ne, Fulani da izininsu suke zaune. Ba wanda zai kashe kuɗi ya kafa shinge a filin da za a iya karɓewa baɗi, kuma ba manomin da zai yarda a killace gonar gadonsa idan yana tsoron ba za ta dawo ba. Inda aka ci nasara shi ne inda ɓangarorin biyu suka yi yarjejeniya a fili gaban masu gari. Tun da daɗewa akwai al'adar da makiyayi yake kwantar da shanunsa a gonar manomi bayan girbi, su ci kara su bar taki. Rumbun ciyawa ci gaban wannan al'ada ne: makiyayi ya amfana da ciyawa na wasu shekaru, manomi ya karɓi filinsa da ƙasa mai ƙarfi. A yankin da ɓarnar gona takan jawo asarar rayuka, wannan magana ta wuce ta nono da nama, ta zama maganar zaman lafiya.

An kuma gwada ƙaramin rumbu domin awaki, waɗanda ake ɗaurewa a turke da damina don kada su shiga gonaki, har su rame a tsakiyar yalwa. A 1995 aka haɗe ILCA da wata cibiya ta Nairobi, suka zama ILRI, wadda take ci gaba da aiki a Nijeriya daga ofishinta na Ibadan.

5. KAJI, ALADU DA KIFI: TAKARA DA TUKUNYAR TUWO

Matsalar dabbobin da ba sa tuƙa daban ce. Fiye da rabin buhun abincin kaji masara ce, kuma masarar nan ita ce tuwon iyali da kokon yara. Duk shekarar da masara ta yi tsada, masu kiwon kaji da yawa sukan rufe ɗakunansu. Shi kuwa kifi furotin yake ci da yawa. 'Ya'yan tarwaɗa suna bukatar kashi 40 zuwa 45 cikin 100, manya kuma kashi 35 zuwa 40, alhali kaza mai ƙwai kashi 16 zuwa 17 ya ishe ta. Mafi kyawun furotin ga kifi shi ne garin kifin teku, wanda yawanci daga waje ake shigo da shi da kuɗin ƙasashen waje.

Dogara ga kayan waje yana da haɗari, kuma duniya ta taɓa ɗanɗana shi. A 1972 ruwan tekun ƙasar Peru ya ɗumama, ƙananan kifayen da ake yin garin kifi da su suka ragu ƙwarai. Farashi ya tashi a duk duniya, har a 1973 Amurka ta taƙaita fitar da waken soya na ɗan lokaci. Mai tafkin kifi a Kafanchan da ya dogara kacokan ga buhun da ya ƙetaro teku, ribarsa tana hannun farashin dala. Hausawa kuwa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kudancin Kaduna tana da nata gatarin. An daɗe ana noma waken soya a ƙasar Zonkwa, matan Kafanchan kuma sun shahara da yin daddawa da shi. Amma a lura, ɗanyen waken soya yana ɗauke da wani sinadari mai hana hanjin kaza da alade da kifi narkar da furotin. Lalle ne a gasa shi ko a dafa shi tukuna, ba tare da an ƙona shi ba. Angurya ma tana da wata guba da shanu manya suke jurewa, amma tana cutar da kaji da aladu, don haka a bar ta ga masu tuƙa.

6. YADDA AKE LISSAFIN HAƊI

Mai kiwo yana iya haɗa abinci da kansa idan ya san furotin da ke cikin kowane kaya. A ƙiyasi, cikin kashi 100: masara 9, tunkuzar waken soya 44, ƙuliƙulin da ba gishiri 45, garin kifi 60 zuwa 65.

Misali, ana son haɗin masara da tunkuzar soya mai furotin 16 domin kaji masu ƙwai. A cire 16 daga 44, saura 28: wannan shi ne rabon masara. A cire 9 daga 16, saura 7: wannan shi ne rabon soya. Watau kashi 28 da kashi 7, ko kuwa huɗu da ɗaya. A cikin kilo 100 za a sa masara kilo 80, soya kilo 20. Bayan haka sai a ƙara garin ƙashi da ɓawon kawa domin ƙwarin ɓawon ƙwai, da gishiri kaɗan, da garin bitamin. Tun da waɗannan ba su da furotin, akan ɗan ƙara soya domin a cike gurbinsu. Da sikeli ake awo, domin mudun masara da mudun soya nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Idan aka yi wannan lissafi domin tarwaɗa mai bukatar 40, za a sami masara kashi 4, soya kashi 31. Ke nan kusan duk haɗin soya ne, kuma kifi ba ya girma sosai a kan soya zalla. Wannan ya nuna dalilin da ya sa masana suke neman wani furotin na dabba mai arha wanda zai maye gurbin garin kifi.

Ya kamata kowane mai tafki ya riƙa rubuta nauyin abincin da ya zuba da nauyin kifin da ya kwashe. Da abinci mai kyau da ruwa mai tsabta, kilo ɗaya da rabi ko ƙasa da haka yakan ba da kilo ɗaya na tarwaɗa. Idan ana kashe kilo biyu ko fiye, akwai matsala a abincin, ko a ruwan, ko a yadda ake zubawa.

7. SABABBIN HANYOYI UKU

Ɓawon rogo. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, kuma duk inda ake yin garin kwaki akwai tulin ɓawo yana ruɓewa. Ɗanyen ɓawon yana da guba, shanya shi kuma yakan ɗauki kwana uku, ya yi fumfuna kafin ya bushe. Wajen 2015 masanan ILRI da na Cibiyar IITA ta Ibadan suka nuna wata hanya mai sauƙi. A markaɗa sabon ɓawo a injin gurza rogo, a zuba a buhu a matse ruwan kamar yadda ake yi wa garin kwaki, a tankaɗe, a shanya. Ta haka yakan bushe cikin yini ɗaya, yawancin gubar kuma ta fita da ruwan. Tan uku na ɗanyen ɓawo yakan ba da kimanin tan ɗaya na busasshe. Mai laushin yana maye gurbin wani kashi na masara a abincin kaji da kifi, mai tsakin kuma na shanu ne da awaki da aladu. Abin ba da ƙarfi ne kawai, furotin ɗinsa kaɗan ne, don haka dole a haɗa shi da soya.

Tsutsar baƙin ƙuda. Mutanen karkara sun daɗe suna tara gara a tukunya da busasshen kashin shanu da kara domin 'yan tsaki. Masana sun bi sawun wannan hikima da wani ƙwaro da ake kira baƙin ƙudan soja. Ba ya cizo, ba ya damun mutane a kan abinci kamar ƙudan gida. Tsutsarsa tana cin ragowar kayan kasuwa, da dusa, da ɓawon 'ya'yan itace, ta isa kwasa cikin kimanin mako biyu. Idan aka busar da ita tana da furotin wajen kashi 40 cikin 100, ga kuma mai. Abin da ta bari taki ne mai kyau. Cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE da ke Nairobi ta yi aiki mai yawa a kanta. Tarayyar Turai ta halatta sa garin ƙwari a abincin kifi a 2017, a abincin kaji da aladu kuma a 2021. A ƙona tsutsar da ruwan zafi a shanya ta kafin a niƙa, kuma kada a kiwata ta a kan najasa ko sharar da ta gauraya da maganin feshi.

Kara da yuriya. Karan masara, da bambaron shinkafa, da na acca, sau da yawa wuta ake cinna musu. Za a iya mayar da su abincin rani. A narkar da yuriya kilo 4 a cikin ruwa lita 50 zuwa 100, a yayyafa a kan kilo 100 na yankakken kara, a tattake a rami, a rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba, har mako uku. Idan an buɗe a bar shi ya sha iska kafin a bayar. Karan yakan yi laushi, tumbi ya fi narkar da shi. Gargaɗi: yuriya guba ce ga kaji, da aladu, da dawakai, da jakuna, da maruƙan da ba su fara tuƙa ba. Kada a bar dabba ta lashi garinta ko ta sha ruwanta. Haka kuma harawar gyaɗa da ta wake, a ɗauke su da ganyensu a ajiye a inuwa a bisa rumfa, domin a ganyen furotin yake.

8. HAƊARIN FUMFUNA

A ƙasa mai doguwar damina akan girbe masara da gyaɗa ruwa bai ɗauke ba. Hatsin da aka adana da danshi yakan yi fumfuna, wata fumfunar kuma tana fitar da guba mai suna afalatoksin. Duniya ta san wannan guba ne a 1960, sa'ad da talotalo kimanin dubu ɗari suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Gubar tana lalata hanta, tana hana girma, tana rage ƙwai, tana kuma ratsawa cikin nonon saniya zuwa ga yaro. Dafuwa ba ta kashe ta.

Kuskure ne babba a ce hatsin da ya lalace a ba dabbobi. A busar da hatsi sosai a kan tabarma ko leda, a tsince masu tabo a binne, a jera buhuna a kan katako nesa da bango. Cibiyar IITA ta samar da wani magani mai suna Aflasafe, wanda ake yafawa a gona kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin amfanin ya yi fure. Yana ɗauke da fumfuna marar guba wadda take rigan mai gubar kama wuri.

KAMMALAWA

A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Cibiyar NAPRI ta Shika tana binciken ciyawa da dabbobi, Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta New Bussa tana binciken kifi da abincinsa. Amma abin da aka gani a Abet da Kurmin Biri ya tabbatar da cewa bincike ba ya kammala sai ya shiga gona da ruga, mai shi ya gwada, ya faɗi inda yake da gyara.

Don haka ana shawartar kowane mai kiwo ya fara da kaɗan. Ya raba dabbobinsa ko kifinsa gida biyu, ya ba rabi sabon haɗi, rabi tsohon, ya auna, ya rubuta, ya nuna wa malamin gona. Ana shawartar ƙungiyoyin gama kai su haɗa kuɗi su sayi injin niƙa da sikeli. Ana kuma roƙon hakimai da dagatai da arɗo-arɗo su tsaya a kan yarjejeniyar filaye, a rubuta ta, a sa ranar karɓa da ranar mayarwa, tun kafin a kafa turke na farko.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Me ya sa shanu suke ramewa da rani alhali akwai busasshiyar ciyawa a daji?
2. A lissafa matakai bakwai na kafa rumbun ciyawa.
3. Wane amfani manomi yake samu idan ya ba da aron filinsa domin shuka sitailo?
4. Ana son haɗi mai furotin 20 daga masara da tunkuzar soya. Kilo nawa na kowanne za a sa a cikin kilo 100?
5. Waɗanne dabbobi ne ba a ba su karan da aka gyara da yuriya?
6. Ta wace hanya gubar fumfuna take isa ga yaro, kuma yaya ake hana ta?